Da gaske mutum ɗaya ya kakkaɓo jirage 352?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Kakana, Allah shi jiƙan shi, yana cikin 'yan Sakkwato da Turawan Ingila sunka kwasa zuwa yaƙin Bama. Muna yara, bayan sallar isha'i yakan zaunar da mu bakin zaure ya ba mu labarin abin da suke kira yaƙin Hitila, kuma kullum sai ya ce rugugin jirgi ya fi ƙarar bindiga tsinka zuciya. Shi ya sa jiya, da wani yaro a shagon gyaran waya na Gawon Nama ya nuna mini bidiyon wani Bajamushe matuƙin jirgin yaƙi, Erich Hartmann, wai ya harbo jirage 352 a wannan yaƙin, maganar ta tsaya mini a rai. Na ce mishi ban yarda ba. Masana, yaya abin yake?

Malamin Makaranta, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, lissafin da Jamusawa sunka rubuta mishi ke nan, kuma ba a rubuta wa kowa abin da ya kai haka ba. Wasu masu bincike na ganin an ɗan yi ƙari, don ba kowane jirgin da ya yi hayaƙi ke faɗuwa ba. Amma ka duba dalili. Amurkawa in matuƙinsu ya yi fice sai su maido shi gida ya koyar; gwaninsu Richard Bong a jirage 40 ya tsaya. Jamusawa ba su da wannan sararin. Ka tashi yau, ka tashi gobe, har a kashe ka ko yaƙi ya ƙare. Hartmann ya isa fagen Rasha a Oktoban 1942 yana ɗan shekara 20, ya tashi sau 1,404 a jirgin Messerschmitt 109.

Dabararshi irin ta maharbin daji ce. Ba ya son kokawa a sama. Yakan laɓe can bisa, ya zaɓi wanda ya sha'afa, ya matso har jirgin abokin gaba ya cika mishi gilashi, sannan ya saki wuta ya gudu. Saboda kusancin, tarkacen jiragen da ya harba sun sha dukan nashi, ya yi saukar dole fiye da sau goma.

Hajiya ta Arkilla:
Malam, Allah shi ƙara basira. Ni abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke yaɗa hotonshi kamar ɗan ƙwallo. Cikin kowane jirgin nan akwai ɗan wata uwa. Kuma ba shi anka taras gida ba, shi ya bi su har ƙasarsu, yaƙin da ya ci rayukan mutanen Tarayyar Sobiyat fiye da miliyan 20. Gwaninta na yarda da ita, amma Hitila ya yi wa aiki.

Malamin Makaranta, Runjin Sambo:
Gaskiyarki, Hajiya, ba ni da ja. Shi ma bai kwashe ta da daɗi ba. Ranar 8 ga Mayu, 1945 ya yi harbinshi na ƙarshe, ya miƙa wuya ga Amurkawa, su ko sunka danƙa shi ga Rashawa. Shekara 10 yana tsare, sai 1955 ya koma gida. Ɗan da matarshi ta haifa mishi ya rasu yana ƙarami, bai taɓa sa shi a ido ba. Daga baya ya shiga sojan saman Jamus ta Yamma, ya yi ta faɗa wa manya cewa jirgin F-104 da suke saye zai kashe matuƙa, har ya aje aiki a 1970. Ya rasu a 1993.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Gobe zan koma shagon in ba yaron haƙuri kan lissafin, sannan in karanta mishi abin da Hajiya ta rubuta. Kakana har ya bar duniya bai taɓa faɗa muna ko mutum nawa ya harbe a Bama ba. Sunayen abokanshi da ba su dawo ba yake lissafa muna.