Wa ya taɓa zuba jari don ya ga wani ya samu?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ya kafe sai ya sayar da shanunsa biyu ya sayi aya ya ajiye, don maƙwabcinmu ya yi haka bara har ya gina shago. Abin ya hana ni barci. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Na Tasawa: Wa alaikumus salam. Ni wake na ajiye. Alhajin da na gani yana samu, ashe sito nasa ne, yaransa ke bin kasuwannin ƙauye da kaka suna saye da araha, kuma ba mai bin sa bashi, sai farashi ya yi masa daɗi yake buɗe ƙofa. Ni kuɗin adashi ne, sito na haya, buhu kuma ba mai ruɓi uku da ke hana ƙwari ba. Ranar da na kwance bakin buhu, gari ne ya biyo hannuna, ƙwari sun gama da shi. Ribar Alhaji duk gari ya ji, amma yadda yake samunta ba wanda ya faɗa mini.

Hajiyar Zariya: Mu ragon layya ne. Wata ta ci riba, shekara ta zagayo kowane gida da turke. Dusa ta yi tsada, kasuwa ta cika, da ƙyar na fidda uwar kuɗi.

Mai kabu-kabu: Ɗan yayata ya ga ƴan ruwa-ruwa, masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, suna sayen babura, ya shiga a farkon 2023. A watan Mayu Najeriya ta cire tallafin mai, bayan juyin mulkin Yuli a Nijar kuma aka rufe iyaka. Waɗanda ya gani sun riga sun ci rabonsu tun mai yana da araha.

Malam na Madarunfa: Haƙar zinariyar Jado, can arewacin Nijar, ta 2014 fa? A ƙauyenmu mutum ɗaya ya dawo da mota, har yau sunansa ake kira. Sauran cikin dare suka shigo, wasu sai da aka aika musu kuɗin mota. Da ramin zinariya na Ɗan Isa ya rufta a 2021, iyaye nawa suka yi kuka? Ɗana, ka sa ƙanenka ya nemi waɗanda suka ajiye aya suka faɗi, suna nan, kunya ce ta rufe musu baki.

Ɗan Mokoyo: Na gode, Malam. Na Tasawa, in ba damuwa zan kawo maka shi ranar Juma'a bayan masallaci, ya ji daga bakinka.

Na Tasawa: Ku zo. Ya taho da lissafin hayar sito da kuɗin dako.