Wai Wane Ne Tsoho a Wurin Gwamnati?

Baban Ummi: Jama'a a gaya mini gaskiya. Tun 2018 Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka naɗa mata shugaba. To ina tsohon da ke karɓar ko sisin kwabo duk wata daga gare ta? Manomi ko ɗan dako in ƙarfi ya ƙare, sai 'ya'ya, sai bara. Babu shirin tsofaffi a ƙasar nan, suna ne kawai.

Na Fagge: Malam, wane tsohon? Dokar da ka ambata wanda ya haura 70 take nufi. Manufar ƙasa kan tsufa ta 2021 kuwa daga 60 ta fara. Fayemi da ya soma biyan N5,000 a wata a Ekiti a 2011, 65 ya yanke, kuma ban da mai karɓar fansho. Lamba uku ke nan, fara zaɓar ɗaya.

Maman Nana: Ni kalmar ce ma ba ta yi mini ba. Uban wani ake ce wa tsoho gatsau haka? Dattijo ake cewa.

Ɗan Tasha: Hajiya, dattako ai hali ne, ba furfura ba. Akwai ɗan 80 da ba shi da shi. Gajiyayye ita ce kalmar, shi ya sa a Kano ake cewa gidan gajiyayyu na Shahuci.

Maman Nana: Ƙanina, ɗan 40 da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shi ma gajiyayye ne. Ka cakuɗa layi biyu.

Malam Mai Lissafi: Ku dakata. Rajistar talakawa ta ƙasa, wadda gwamnati ke dubawa wajen raba tallafin kuɗi, ba mutum ɗaya take ƙirgawa ba, gida take ƙirgawa. Ana fara zaɓar ƙananan hukumomin da talauci ya fi yi wa katutu. A shiga gari, a raba jama'a rukuni-rukuni, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a garinsu, ya jero gidaje. A haɗa sunayen, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: rufin ɗaki, ruwan sha, yawan masu ci. Daga ofishin jiha a tura wa NASSCO, ofishin tarayya mai kula da rajistar. Inda ake cutar dattijo shi ne, in yana zaune a gidan ɗansa mai shago da rufin kwano, gidan ba zai shiga ba, ko da shi ba ya iya sayen maganin hawan jini. Kuma kuɗin hannun mai kula da gida yake zuwa, galibi matar gida, ba hannunsa ba.

Na Fagge: Ka ga ni ko? Shekarun ma wa ya san su? Mutum ya ce shekarar zuwan Sarauniya aka haife shi, 1956 ke nan, mai cike takarda ya rubuta 1 ga Janairu 1965.

Malam Mai Lissafi: Wannan ƙarami ne. Zanen yatsan wanda ya shekara 50 da fartanya ya goge, na'ura ba ta kamawa. NIN ya ce Muhammad, BVN ya ce Mohammed, kuɗi ya maƙale. Layin waya kuma da sunan jika aka yi masa rajista, saƙon shigar kuɗi can zai faɗa. A fara gyara suna ya zo ɗaya a takardun biyu, sannan a yi wa mutum layinsa na kansa.

Ɗan Tasha: Duk wannan wahalar Tinubu ya kawo ta. Zamanin Baba Buhari a hannu ake miƙa N10,000 duk wata biyu, ba ruwan kowa da BVN.

Sarkin Yaƙi: Da kuɗin wa? Dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Tinubu N25,000 ya sanar a Oktoba 2023, sau uku, ga gidaje miliyan 15.

Ɗan Tasha: Sanarwa ai ba ta cika tukunya. Ba a Janairu 2024 aka dakatar da ministar jinƙai ba? Kuma mudun shinkafa nawa ne yanzu?

Sarkin Yaƙi: Wa ya dakatar da ita in ba shi ba? Ku 'yan a-bi-Yarima-a-sha-kiɗa ne.

Ɗan Tasha: Janye wannan maganar.

Maman Nana: Ni dai adashen da aka koya wa matan shirin tallafin shi ne abin da ya rage a ƙauyuka. Kuma har yanzu kuna ta cewa tsoho.

Baban Ummi: Ikon Allah. Tambayata fa ba wanda ya taɓa ta.

Shugaban Zaure: To, a taƙaice, an yi ittifaƙi cewa dattijo ita ce kalmar, 60 ita ce shekarar, kuma tsarin biya a hannu na zamanin Baba Buhari ya fi dacewa da mutanenmu. Sarkin Yaƙi, a riƙa tauna magana. An rufe.

Na Fagge: Ranka ya daɗe, wa ya yarda da 60? Doka 70 ta ce.