Musayar Baitoci a Kan John Jay, Alƙalin Alƙalan Amurka na Farko

Malamin Tarihi:

Da sunan Allah, Sarkin da ya mallaki dukkan iko,
Nake tambayarku batun John Jay, alƙalin alƙalai na farko,
Ɗan Niyok da aka haifa a 1745, wanda Washington, shugaban Amurka na farko, ya ɗauko,
A 1789 ya damƙa masa Kotun Ƙoli domin ya yi mata riƙo.
Shi da Franklin da Adams, wakilan Amurka, suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Faris a 1783, Ingila ta miƙo
'Yancin da aka sha yaƙi a kansa kafin ta sauko.
Me ya sa ya bar kujerar bayan shekara shida? Masana, ina jiran saƙo.

Tsohon Lauya:

Malam, kotun a zamaninsa ko gini ba ta da na kanta,
Alƙalai shida ne, kuma ƙararraki kaɗan ke zuwa gabanta,
Suna zaga jihohi a keken doki, cikin taɓo, saboda aikinta.
Da ta ce a 1793 ana iya maka jihar Jojiya a zaurenta,
Sai aka yi wa tsarin mulki gyara na 11, aka rushe hukuncinta.
Jay ya koma gwamnan Niyok a 1795, ya bar ta,
Da Adams, yana shugaban ƙasa, ya sake yi masa tayin kujerar kuwa ya ƙi, don yana ganin rauninta,
Sai John Marshall ya hau kujerar a 1801, ya shekara 34 yana ɗaga martabarta.

'Yar Katsina:

Baba, a gafarce ni, akwai abin da ba ka faɗa ba,
Yana alƙali ya tafi Landan a 1794, aikin da ba na alƙali ba,
Ya ƙulla yarjejeniyar da jama'a da yawa ba su so ba,
Ingila ta yarda ta bar sansanoninta na cikin Amurka, amma kamen da take yi wa matuƙan jirgin Amurka ba a taɓo ba,
Har aka riƙa ƙona mutum-mutuminsa a tituna, ba sau ɗaya ba.

Tsohon Lauya:

'Yata, gaskiyarki, amma yarjejeniyar ta kau da yaƙi,
A lokacin da ƙasar ba ta da ƙarfin ɗaukar wani sabon miki.
Ki tuna kuma a 1793 Washington ya aiko da tambayoyi a kan haƙƙi,
Yana neman fatawar kotu kan matsayin ba-ruwanmu na Amurka a yaƙin Turai, Jay kuwa ya ƙi,
Ya nuna cewa bai wa shugaba shawara ba na alƙali ba ne aiki.

'Yar Katsina:

Na karɓi wannan, Baba, sai dai saura batun bayi,
A 1799, yana gwamna, ya sa hannu a dokar 'yanta su sannu a hankali, ya kyauta da ya yi,
Amma shi kansa ya mallake su, a gidansa bauta suka yi,
Kuma sai a 1827 Niyok ta kammala 'yantawar, bayan dogon jinkirin da aka yi,
Shekara biyu kafin rasuwarsa. Wane uzuri za ka kawo masa, in ka iya yi?