Yunwar da Aka Ce Babu Ita

Malam Mai Tawada:
Assalamu alaikum. Ga harsashi na ɗora, ƙwar huɗu, amsa-amo "wa". Zancen yunwar Yukren ne ta 1932 zuwa 1933, zamanin Stalin, da yadda Mosko ta sa baƙi suka riƙa yi mata shaida cewa lafiya lau. Mai alƙalami bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
In ja zaren nan in warwara,
Batun gwamnatin da ta tsara
Ta rufe wa duniya yunwa.

Stalin ya ce a haɗe gonaki,
A kwashe rumbu, a bincike ɗaki,
Alkama ta tafi ƙetare, mamaki,
Mai nomanta yana mutuwa.

Wanda ya tsinci zangarniya
A gonar da ta zama ta tarayya,
Shekara goma ce, ba ƙarya,
In ya tsallake bindigewa.

Ɗan Damagaram:
Malam, na karɓa. Kai ka faɗi na cikin gida, ni baƙo zan kawo: Édouard Herriot, tsohon firaministan Faransa, wanda aka zagaya da shi Yukren a ƙarshen Agustan 1933.

Baƙo zai zo, aka share titi,
Aka wanke Kiyef, aka yi fenti,
Aka jera burodi a cikin kanti,
Na kallo ne, ba na sayarwa.

An kwashe marayu da mabarata,
Aka kai shi gonar da aka ƙawata,
Ya ci ya ƙoshi, ya hau mota,
Bai ga kabari ba, bare gawa.

Ya koma Faransa yana ta yabo,
Wai lambu ya gani, kore, sabo,
Ƙasar duk ba ta da ko da tabo,
Maƙiya ne kawai ke ƙagawa.

An ce gani shi ya kori ji,
To in mai gida ya ɓoye maciji,
Ya kai ka gaban akurkin kaji,
Me ka gani, ɗan Turawa?

Gwaggon Yara:
Ɗana, baƙonka mako biyu ya yi, sai a yi masa uzurin baƙunta. Nawa ya kwana ya tashi a Mosko shekara da shekaru: Walter Duranty, wakilin New York Times, mai lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer ta 1932. A Maris ɗin 1933 ne ya ƙaryata Gareth Jones, ɗan jarida daga Birtaniya.

Ba bulala ake wa ɗan jarida,
Bizarsa ce linzami a hannun fada,
Tangaraho ba ya fita sai an yarda,
Sai ya bi ta hannun mai tacewa.

Gareth Jones, yaro ne matashi,
Ya sauka a jirgi ba mai raka shi,
Ƙauye-ƙauye ƙafa ta kai shi,
"Babu burodi," in ji kowa.

Ya iso Berlin ya gaya wa duniya,
Kwana biyu tsakani, babu kunya,
Duranty ya mai da shi tatsuniya,
Wai ƙarancin ci ne, ba yunwa.

Wai cuta ce ke ɗibar mutane,
Rashin ƙoshi ya jawo ta ne,
To Malam, wannan kuma mene ne?
Sunan tuwo ake sauyawa.

Bakatsine Mai Gardama:
Gwaggo, a yi min afuwa, ni ba zan bi yarima a sha kiɗa ba. A 1935 jaridun Hearst na Amurka sun buga hotuna a kan wannan yunwar, aka gano wasunsu na yunwar 1921 ne. Wannan ma a saka shi a waƙa mana.

Kun tasa Mosko a gaba da duka,
Kamar Landan ba ta taɓa shuka
Ƙaryar yaƙi ba, ita da Amurka,
Wa ya fi wani iya shiryawa?

Tsohon hoto aka ce na bana,
Aka kama su dumu-dumu da rana,
To wa zan yarda da shi? Ku nuna,
Kowa na da abin ɓoyewa.

Malam Mai Tawada:
Ƙanena, gardamarka da ƙafa take tafe, ban raina ta ba. Amma ka duba ƙidayar jama'ar Tarayyar Sobiyet ta Janairun 1937: ana sa ran kusan miliyan 180, aka samu miliyan 162. Ba Landan ce ta ƙirga ba.

Hoton jabu ne, ban ƙi ba,
Masoyan Mosko ba su yi sanya ba,
Suka ɗaga shi sama, wai ba ku gani ba,
Har gawar ma ta ƙagawa.

To je ka tambayi masu ƙidaya,
Da suka bi gida ɗaya bayan ɗaya,
Adadi ya gaza, aka ce ƙarya,
Aka kai manyansu wurin harbewa.

Gwaggon Yara:
Ku bar ni in ƙarasa tawa kafin a kira magariba. Cikin Nuwamban 1933 shugaban Amurka Roosevelt ya amince da gwamnatin Sobiyet.

Ciniki ya faɗa, an ƙulla zumunci,
Aka yi walima, aka ci abinci,
Duranty ya sha tafi da karamci,
A birnin New York, har da shewa.

Jones kuwa Rasha ta hana shi shiga,
Ya nufi gabas, ba sulke, sai riga,
A Mongoliya ta Ciki 'yan bindiga
Suka kashe shi bayan garkuwa.

A 1935 ke nan, saura kwana ɗaya ya cika shekara 30. Lambar Duranty kuwa an sake duba ta a 2003, aka bar masa abinsa.

Bakatsine Mai Gardama:
Yauwa Gwaggo, tunda da bakinki kika ambaci 2003, kada kowa ya taɓa min "wa" ɗin nan. Bayan isha'i ina tafe da Iraƙi da makaman da aka yi ta nema.