Ina labarin TEKAN yake tsayawa kafin ya iso majami'armu?

Ɗan Sabon Rai, Kaduna:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ina roƙon iyayenmu da suka daɗe cikin hidima su haska mini wani al'amari. Ni ɗan HEKAN ne (Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya), kuma tun ina yaro nake jin cewa muna cikin TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, amma da wuya a ambaci sunan tarayyar a lokacin sanarwa sai idan an kai hari a wani wuri ko wani babba ya rasu. Labarin 'yan'uwanmu na sauran ikilisiyoyin tarayyar, irin su EYN (Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da LCCN (ta Lutheran) da COCIN (Church of Christ in Nations), kuwa a Facebook muke tsintarsa, wani lokaci tare da hotunan da ba a san asalinsu ba. Shin tarayyar nan ta shugabanni ce kaɗai, ko akwai rabon ɗan ikilisiya a cikinta?

Dattijon Ikilisiya, Numan:

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin ikilisiyarka. Ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta soma aiki a Wase a 1904 ƙarƙashin jagorancin Karl Kumm, daga baya rassanta suka rarraba ƙasa: Turawan Ingila a Filato, mutanen Denmark a nan Numan daga 1913, na Afirka ta Kudu a yankin Dutsen Mada, Amurkawa kuma a wajen Takum da Muri. Mishan na 'Yan'uwa, wanda ya haifi EYN, ya kafa nasa aikin a Garkida a 1923. Kowane reshe ya zo da al'adar sujadarsa daga gida, amma da iyayenmu suka karɓi ragama sai suka ga bai kamata rarrabuwar Turai ta zama gadonsu ba, saboda haka suka taru a Randa a 1955 suka kafa tarayyar, wadda a lokacin ake kira TEKAS, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan.

Rabon ɗan ikilisiya yana nan, sai dai mun saba da shi har ba ma ganinsa. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959, ta horar da fastocin waɗannan ikilisiyoyi a aji ɗaya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi ya sa Babachame da Bura da Angas da Jukun suke iya zama a benci ɗaya su bi karatu ba tare da tafinta ba. Ita HEKAN ɗin ma ai 'ya'yan waɗannan ikilisiyoyi ne da aiki ya kawo su birni, suka zaɓi su yi sujada tare maimakon kowa ya gina tasa.

Uwa a Zumuntar Mata, Mubi:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ina so in tsaya a kan abin da yaron nan ya lura da shi, domin ya taɓa inda yake mini ciwo. A ƙarshen Oktoban 2014, watanni shida bayan sace 'yan matan Chibok waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne, Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedkwatarmu ta EYN da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos na wani lokaci. Mu da muka gudu mun ga tarayya da idonmu. A majami'ar da ta karɓe mu, wadda ba ta ɗariƙarmu ba ce, an kwashe bencina daga ajin makarantar Lahadi aka shimfiɗa mana tabarmi, matan zumunta kuma suka riƙa zuwa da kwanon masara da sabulu da zannuwan da suka cire daga akwatunansu. Babu wadda ta tambaye mu irin baftismar da aka yi mana.

Abin da yake damuna shi ne, bayan mun koma gida sai zumuncin ya yi sanyi. Waɗanda suka yi kuka tare da mu ba su ji ranar da muka sake ɗora rufi a kan majami'un da aka ƙona ba, da yawa kuma ba su san EYN ta yi bikin cika shekara 100 a 2023 ba. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 12:26, ya haɗa abu biyu: shan wuyar gaɓa ɗaya da kuma ɗaukakarta, dukan jiki yana tarayya a cikin kowannensu. Mun riƙe na farko da kyau, na biyu kuwa mun bar shi. Idan labarin mutuwa kaɗai yake yawo a tsakaninmu, 'ya'yanmu za su tashi suna zaton Allah bai yi kome a arewa maso gabas ba sai ƙyale mu da ya yi, alhali mu shaidu ne cewa ya riƙe mu.

Fasto, Lafiya:

Mama, na gode da wannan shaida. Ina so in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa labari yake makalewa a hanya. TEKAN tarayya ce, ba ikilisiya guda ba, kowace ɗarika tana da tsarin mulkinta da koyarwarta. LCCN tana da bishop-bishop, tana kuma yi wa jarirai baftisma, EYN kuwa sai mutum ya yi girman da zai furta bangaskiyarsa ake nutsar da shi a ruwa. Saboda haka sakatariyar da ke Jos ba ta da ikon ba kowane fasto umarni kai tsaye. Saƙo yakan bi ta hedkwatar ɗarika, ya sauka gunduma, sannan ya iso hannun sakataren majami'a, wanda takardarsa ta sanarwa ta riga ta cika da batun aure da baiko na musamman da gudummawar gini.

A ganina gyaran yana hannunmu, mu na ƙasa. Zumunci a ƙafa yake, kuma a gari irin Kaduna majami'un ɗariku dabam-dabam suna unguwa ɗaya. Dattawa suna iya keɓe 'yan mintoci a lokacin addu'ar roƙo, sau ɗaya a wata, domin ikilisiya guda daga cikin tarayya, a faɗi abin godiyarta kafin a faɗi bukatarta. Sharaɗina ɗaya ne: kada a karanta kome a gaban jama'a sai an kira fasto ko dattijo na wurin an tabbatar, domin jita-jitar da ta fito daga bagade tana iya tayar da unguwa kafin a tashi daga sujada.

Ɗan Sabon Rai, Kaduna:

Na gode, iyayena. Zan kai shawarar ga shugaban matasanmu domin ya gabatar da ita a zaman dattawa mai zuwa. Mama, idan kin yarda, muna so mu fara da ikilisiyarku.