Kashi 15 ko kashi 12? Muhawara kan rukunin filasibo a gwajin allurar rage ƙiba

Malam Nasiru: Ga abin da nake so mu warware. Ana ta yayata cewa allurar semaglutide tana rage kashi 15 cikin 100 na nauyin mutum. Ni na ce wannan adadi ba na maganin ba ne shi kaɗai. A gwajin STEP 1 da aka wallafa a 2021, mutum 1961 aka ɗauka, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Biyu bisa uku aka riƙa yi musu allurar gaske, miligiram 2.4 sau ɗaya a mako, sauran kuma filasibo, wato allura mai kama da ita sak amma babu sinadarin maganin a ciki. Bayan mako 68 'yan rukunin magani sun rage kashi 14.9, 'yan filasibo kashi 2.4. To tunda wanda aka ɗirka wa allurar wofi ma ya ragu, wannan 2.4 aikin zuciya ne, yarda ce kawai. A cire shi. Bambancin da masu binciken suka bayar 12.4 ne, kuma shi ya kamata a gaya wa mai neman magani.

Dakta Bilkisu: Malam Nasiru, cirewar ba laifi, fassarar ce ta karkace. 'Yan filasibo ba allurar wofi kaɗai aka ba su aka sallame su ba. Duk rukunin biyu an ɗora su a kan rage abinci da kalori 500 a kullum, da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma duk mako huɗu suna zama da mai ba da shawara. Suna rubuta abin da suka ci, ana ɗora su a ma'auni a kai a kai. Wanda ya san za a auna shi wata mai zuwa ba zai ci yadda ya saba ba. Sannan akwai lokacin shiga: mutane sukan nemi irin wannan gwaji ne sa'ad da nauyinsu ya kai ƙololuwa, don haka ko ba a yi musu komai ba wasu za su ɗan sauko. Matsakaicin nauyinsu a farko kilo 105 ne, abin da suka rage bai wuce kilo biyu da rabi da 'yan kai ba cikin shekara da wata huɗu. Kafin ka ce na yarda ne, sai an samu rukuni na uku da aka ba shi shawarar abincin amma ba a yi masa allura ko ɗaya ba. STEP 1 ba shi da wannan rukuni.

Malam Nasiru: Na karɓa, Dakta, na janye maganar yarda. Amma ai kin ƙara mini hujja ne. In abinci da motsa jiki ne suka kawo 2.4, to ba na magani ba ne dai. A cire.

Malam Hamisu: A nan ne gizo yake saƙa. Cirewa tana ɗauka cewa aikin magani da aikin rage abinci jerawa suke yi, wannan a kan wancan, kamar bulo. Dubi wani gwajin semaglutide, STEP 3. Magani ɗaya ne, adadi ɗaya, mako 68, mutum 611. Abin da ya bambanta shi ne tsananin kulawa: zaman shawara har 30, kuma a mako takwas na farko an taƙaita musu abinci zuwa kalori 1000 zuwa 1200 a rana. 'Yan filasibo suka rage kashi 5.7, fiye da ninki biyu na STEP 1. 'Yan magani fa? Kashi 16.0, ƙarin da bai taka kara ya karya ba a kan 14.9. Bambancin ya sauko zuwa 10.3.

To wanne ne aikin maganin, 12.4 ko 10.3? Maganin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda aka kula da rukunin da ake gwada shi da shi. Dalili kuwa a fili yake: allurar tana rage nauyi ne ta hanyar kashe sha'awar abinci, tsarin abincin ma rage ci ne. Ƙofa ɗaya suke bi, shi ya sa ba sa haɗuwa cikakku. Saboda haka bambancin da ake samu bayan cire filasibo siffa ce ta gwajin, ba ta maganin kaɗai ba. Sai dai in yi adalci, mutanen gwaje-gwajen biyu ba ɗaya ba ne, don haka wannan ishara ce mai ƙarfi, ba hukunci ba.

Hajiya Rakiya: Ni abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba. Amfanin filasibo shi ne kada mutum ya san abin da aka ba shi. A irin wannan magani ɓoyewar ba ta daɗewa. A STEP 1 kusan kashi 44 na 'yan magani sun yi fama da tashin zuciya, ga gudawa da amai, duk da cewa a hankali ake hawa da adadin: miligiram 0.25, sai 0.5, sai 1.0, sai 1.7, kowanne mako huɗu, kafin a kai 2.4 bayan mako 16. Wanda ya ga cikinsa na juyawa, abinci ya fita daga ransa, tufafinsa sun yi masa yawa, ya riga ya gane. Wanda ya yi wata biyar bai ji komai ba shi ma ya gane. Na biyun ne matsala, don gwiwarsa takan yi sanyi, ya daina bin tsarin abinci, ko ya daina zuwa, ko ya nemi maganin gaske a waje. Kowanne yana karkatar da adadin filasibo, kuma ba ta fuska ɗaya ba.

A gefe guda, kusan kashi 17 na 'yan filasibo su ma sun ce suna jin tashin zuciya. Wani ɓangare na wannan tsammani ne, don an karanta musu illolin kafin su sa hannu. In ana neman aikin zuciya a gwajin, a can ya fi bayyana, ba a ma'aunin nauyi ba.

Malam Hamisu: Hajiya ta kawo mu kan waɗanda suka daina. Kowane ɗaya daga manyan gwaje-gwajen nan adadi biyu yake fitarwa. Na farko yana ƙirga duk wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, ko ya ci gaba da allura ko ya watsar. Na biyu yana ƙiyasta abin da zai faru da a ce kowa ya ci gaba har ƙarshe. A SURMOUNT-1, gwajin wata allurar rage ƙiba mai suna tirzepatide na 2022, mutum 2539, mako 72, masu karɓar miligiram 15 sun rage kashi 20.9 a lissafi na farko, 22.5 a na biyu. Filasibo kuma 3.1 a na farko, 2.4 a na biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauko 22.5 na wannan a jera shi da 14.9 na wancan, alhali ba lissafi ɗaya ba ne. Kafin ka karɓi kowane adadi, ka duba ƙasan jadawalin ka ga wane ne aka ba ka, kuma yaya aka cike gurbin waɗanda ba a auna ba a makon ƙarshe.

Dakta Bilkisu: Kuma ko 15 ko 12, matsakaici ne, ba alƙawari ba. A STEP 1 rabin 'yan magani sun rage kashi 15 ko fiye, amma kusan ɗaya cikin bakwai bai kai ko kashi 5 ba. A filasibo kusan ɗaya cikin uku ya kai kashi 5. Ba a sa masu ciwon suga a gwajin ba. Da aka gwada su daban a STEP 2, 'yan magani sun rage kashi 9.6, 'yan filasibo kashi 3.4. Mai ciwon suga da aka ce masa 15 an yaudare shi, wanda aka ce masa 12 ma haka. Mara lafiya tambayarsa ita ce nawa zai ragu in ya haɗa allura da gyaran abinci. Amsar wannan tana cikin rukunin magani dungurungum, a gaya masa da faɗinta daga ƙasa zuwa sama.

Hajiya Rakiya: Ga mai shakkar ko sinadarin ne yake aikin, STEP 4 ya ishe shi. An ba kowa allurar gaske na mako 20, sannan aka yi wa mutum 803 ƙuri'a, wasu suka ci gaba, wasu aka mayar da su filasibo a ɓoye. Daga nan zuwa mako 68 masu ci gaba sun ƙara rage kashi 7.9, waɗanda aka sauya wa kuma nauyinsu ya ƙaru da 6.9, alhali shawarar abinci ba ta tsaya ba. Sai dai a lura, waɗanda suka jure maganin har suka kai miligiram 2.4 kaɗai aka yi wa ƙuri'ar, don haka zaɓaɓɓu ne.

Malam Nasiru: Wajen yi wa mara lafiya bayani na sassauta. Amma wajen hukunta magani ina nan a kan bakana. Daftarin ƙa'idar da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fitar a 2007 ma da bambanci ya yi aiki: ko dai maganin ya fi filasibo da aƙalla kashi 5 bayan shekara, ko kuma aƙalla kashi 35 na masu karɓarsa su rage kashi 5, kuma yawansu ya kai kusan ninki biyu na 'yan filasibo. In za a gwada magani biyu, da me za a gwada su in ba bambancin ba?

Malam Hamisu: Da gwaji ɗaya da ya haɗa su gaba da gaba, ranka ya daɗe. An yi shi, SURMOUNT-5, an wallafa a 2025: mutum 751, mako 72, tirzepatide 20.2, semaglutide 13.7.

Malam Nasiru: Wanda babu filasibo a cikinsa, kuma kowa ya san allurar da ake yi masa tun ranar farko. Hajiya, ƙorafinki na ɓoyewa bai hau kan wannan ba ne?

Hajiya Rakiya: Ya hau, har ya fi. Wanda ya san an ba shi wadda ake cewa ta fi ƙarfi zai iya jure tashin zuciya ya ci gaba, ɗayan kuma ya fi saurin ajiyewa. Ban ga yadda wannan zai cinye tazarar 6.5 ba, amma sai an duba adadin waɗanda suka daina a kowane ɓangare, da dalilinsu, da adadin miligiram ɗin da kowa ya tsaya a kai.