Wace alama ce za ta isa hujja cewa akwai rai a wata duniya?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina karatun ilimin halittu, kuma hankalina ya karkata ga binciken rai a wajen duniyarmu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake shelar an ga alamar rai, sai bayan 'yan watanni a ji wasu masana sun ce ba haka ba ne. An yi haka a 2020 game da iskar fosfin a gajimaren Zuhura, an kuma sake yi a kan K2-18b, wata duniya da ke kewaya wani tauraro ba ranarmu ba. Wace alama ce za a karɓa ba tare da jayayya ba, kuma da wane fanni ya kamata mai sha'awar wannan bincike ya fara?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tushen matsalar shi ne kusan duk iskar da halitta mai rai ke fitarwa, duwatsu ko aman wuta ko hasken tauraro ma suna iya samar da ita. A 1976 kumbunan Viking biyu sun sauka a duniyar Mas, suka ɗebi ƙasa aka ɗiga mata ruwa mai ɗauke da abincin ƙananan halittu, sai iska ta taso kamar wani abu ya ci abincin. Amma ɗaya na'urar da ke neman sinadaran da jikin halitta ke ƙunsa ba ta tabbatar da komai ba, kuma yawancin masana sun jingina abin ga sinadaran ƙasar ita kanta.

Lamarin K2-18b ya fi wuya, domin sai haske ya yi tafiyar shekara fiye da 120 kafin ya iso gare mu daga can. Abin da James Webb, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, ke yi shi ne jiran duniyar ta gifta ta gaban tauraronta, sannan ya auna ɗan hasken da ya ratsa iskarta, domin kowace iska tana da launukan da take shanyewa. Alamar tana da rauni ƙwarai, shi ya sa rukuni biyu na masana za su duba bayanai guda su saɓa. A ganina abin da zai fi ƙarfi shi ne a sami oksijin da metan tare a duniya mai ruwa, domin sukan cinye juna, kuma ba za su dawwama tare ba sai da wani abu da ke sabunta su kullum.

Mai Nazarin Sararin Sama:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni na fi sa rai da abin da za a taɓa da hannu. A 1977 an gano halittu cunkushe a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galafagos, inda rana ba ta kaiwa, suna dogara da ƙananan halittun da ke samun ƙarfi daga sinadarai. Wannan ne ya sa aka waiwayi watannin wasu duniyoyi da ke lulluɓe da ƙanƙara. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa yana feshi daga kudancin Inseladus, watan duniyar Zuhalu mai zobe, daga baya kuma ya ratsa feshin ya sami gishiri da haidirojin a ciki. Kumbon Europa Clipper, wanda aka harba a Oktoban 2024, zai isa duniyar Jufita a 2030 domin nazarin watanta Europa, wanda ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, malamaina. Saura batun inda zan fara.

Malamin Sinadarai:
Ki riƙe ilimin halittun da kike yi, musamman na halittun da ke jure zafi da gishiri da sanyi mai tsanani, ki haɗa da sinadarai da ilimin duwatsu, sannan kada ki yi wa lissafin ƙididdiga riƙon sakainar kashi, domin a kansa ake yawan saɓani. Samfuran da Perseverance, motar binciken da ke duniyar Mas, ke tarawa a yankin ramin Jezero tun 2021 galibi duwatsu ne, kuma duk wanda zai bincike su sai ya iya bambance zanen da halitta ta bari a dutse da wanda ruwa da ma'adinai suka yi.